Kada A Sa Ni A Akwati

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan kujerar roba da ke barandar gidana a Wangsa Maju, hawa na goma sha ɗaya, ko rabin shayinsa bai sha ba. Shekararsa tamanin da uku. Na taɓa kafaɗarsa zan ce masa shayin ya huce, sai kansa ya langaɓe gefe. Ban yi kururuwa ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa na yi ta salati har numfashina ya daidaita, sannan na ɗauki waya na kira mutumin da na fi ƙin kira a duk faɗin Malesiya, wato yayana Tajuddeen.

Sai a kira na uku ya ɗauka. Na gaya masa. Ya yi innalillahi, sannan ya tambaye ni ko na kira 'yan sanda, domin a ƙasar nan idan mutum ya mutu a gida sai an sanar da su. Tambayarsa ta farko ke nan. Bai tambayi ko Baba ya cika da kalmar shahada ba, bai tambayi halin da nake ciki ba. Na ce a raina, to, yau dai ko ba ka so sai ka zo.

Yaya Tajo yana zaune a Cheras da matarsa da 'ya'yansa uku, waɗanda idan ka yi musu Hausa sai su amsa maka da Turanci. Shekararsa goma sha huɗu a nan yana koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta. Daga gidansa zuwa nawa bai kai rabin awa a mota ba, kuma a lokacin korona titunan ma fayau suke. Amma a wata goma sha shida da Baba ya yi a wurina, sau uku Yaya Tajo ya tako ƙafarsa. Kullum shingen 'yan sanda ne, kullum dokar kulle ce, kullum tsoron kada ya kwaso wa tsoho cuta. Shingen dai bai taɓa hana shi zuwa Chow Kit sayen naman rago ba, don matarsa tana sa hoton farfesun a waya kowa ya gani.

Asali aikin ido ne ya kawo Baba. Yanar ido ce ta rufe masa ido ɗaya, na matsa aka kawo shi a watan Maris na 2020 a kan zai yi sati uku ya koma. Ni ina digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, mijina da yarana suna Kano. Kwana tara da saukarsa aka rufe ƙasa. Bayan wasu watanni da aka samu jirgin da zai kwashi 'yan Najeriya, Baba ya haɗa jakarsa da kansa, ya ɗaure ta da igiya, ya ajiye a bakin ƙofa. Yaya Tajo ne ya ce a'a, wai likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki tafiyar ba. Wataƙila gaskiya ne. Amma ta waya ya yanke hukuncin, bai zo ya kalli idon tsohon ya faɗa masa ba, ni aka bari da kwance igiyar. Tun ranar na ƙullace shi, kuma ban ɓoye masa ba.

Ba zan yi wa Baba kwalliya don ya mutu ba. Mutum ne mai wuyar zama. Malam Hambali Kafinta, duk Gwammaja an san shi, kuma duk Gwammaja an san ba a yi masa wargi. Maraya ne. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya kawunsa ya kai shi Sabon Gari wurin wani kafinta Bayarabe, ya shekara uku yana shara da miƙe lanƙwasassun ƙusoshi kafin a yarda ya riƙe zarto. Da yaƙin basasa ya tashi ya shiga soja yana da shekara ashirin da tara, ya bar Hajiyarmu Hureira da goyon fari. Ya dawo bayan shekara uku da tabon harsashi a cinya, da wani irin shiru da ba wanda ya isa ya tambayi dalilinsa. Ya kafa rumfa a bakin titi, ya maƙala fensir a bayan kunne, bai cire ba sai da hannunsa ya fara rawa.

Rabin ƙofofin unguwarmu shi ya yi su, da bencinan makarantar firamare, da gadajen amare waɗanda har yau jikokin amaren suke kwana a kai. Masallatai shida ya yi wa makara kyauta. Mu tara ya haifa, ya riƙe 'ya'yan ƙannensa huɗu, bai taɓa bari ɗayanmu ya kwana da yunwa ba, bai kuma taɓa ce wa ɗayanmu sannu da ƙoƙari ba. Idan ka zo na ɗaya a aji sai ya karɓi takardar ya duba, ya miƙo maka, ya tambaye ka ko ka cika randa. Da Hajiya ta rasu aka yi ta kawo masa tayin zawarawa, ya ce shi ya gama, a ƙyale shi.

Mazan gidan su suka fi shan wuyarsa, Yaya Tajo a kan gaba saboda shi ne babban namiji. Ni kuwa auta ce, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Bashira, don haka ba ya faɗar sunan. Uwata yake ce mini. Ko harara bai taɓa yi mini ba. Na san abin yana ci wa sauran rai, amma ba ni na zaɓi sunana ba.

Zaman kulle da tsohon kafinta a gidan haya sai wanda ya gwada. Satin farko da idonsa ya buɗe ya bi kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da yatsa. Ya ce wannan ba katako ba ne, dusa ce aka matse da gam, duk wanda ya yi wannan kabad ɗin a kai shi gaban alƙali. Ya gyara ƙofar banɗaki da wuƙar kicin. Ina cikin ganawa da malamina ta kwamfuta sai ya leƙo ya tambaye ni ko wannan mutumin ba shi da aikin yi ne. Abincin ƙasar bai yi masa ba, sai roti, wata irin gurasa da nake sayo masa a ƙunshe daga shagon Indiyawa Musulmi na ƙasan benenmu, shi ma sai ya kushe shi sannan ya cinye. Aboki ɗaya ya yi, Haji Rosli, dattijon da ke kula da ɗan masallacin rukunin gidajenmu, wanda su suke ce wa surau. Ba mai jin yaren wani. Sukan tsaya nesa da juna da takunkumi a fuska su yi sallama, su yi alhamdulillahi, su yi ta gyaɗa kai, Baba ya hawo sama ya ce mini mutumin nan yana da hankali.

Wata rana da la'asar muna zaune ana labarai, aka nuno yadda ake binne waɗanda korona ta kashe. Mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suna saukar da akwati cikin rami da igiya. Baba ya ce in kashe talabijin. Na kashe. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ba ni labarin da ya ce ko Hajiya bai taɓa ba wa ba.

Ya ce da aka gano a soja cewa shi kafinta ne, sai aka ɗauke shi daga bakin daga aka haɗa shi da masu gyaran gadoji. Daga baya aikin ya koma na yin akwatin gawa, domin manya idan sun mutu mayar da su gida ake yi, ƙananan soja kuwa rami ɗaya ya ishe su. Yana da aboki, Abdulwahidu, wani dogon mutum ɗan Mubi, kwano ɗaya suke cin abinci. Direban kwamandansu ne, shi ya sa da nakiya ta kashe shi aka ce a mayar da shi gida. Katako ya ƙare a sansanin. Baba ya harhaɗa da allunan akwatin harsashi, ya auna da ido saboda mota tana jira, ofisa yana tsaye a kansa yana duba agogo. Da aka zo sa gawar sai akwatin ya gaza da kusan taƙi ɗaya. Gawa ta riga ta sandare. Ofisan ya ce minti biyu ya ba shi. Baba ya ce da hannunsa ya karya ƙafafun abokinsa ya tura su ciki, ya buga murfin. Ya ce shekara hamsin ke nan, amma idan ya ji an karya busasshen itace sai ya ajiye abin da yake yi.

Ya ɗago ya kalle ni da idon nan da aka yi wa aiki.

"Uwata, ko a ina na mutu, kada a sa ni a akwati. Jikina ya taɓa ƙasa."

Na ce haba Baba, mu Musulmi, wa zai sa ka a akwati. Ya ce ba wannan ya tambaye ni ba, in ce na yi alkawari. Na ce na yi alkawari.

Ban gaya wa Yaya Tajo ba. Nakan gaya wa kaina cewa ban ga buƙata ba ne, tunda Baba ko ƙofar shago ba ya zuwa balle ya kwaso korona. Amma gaskiyar magana ita ce ban so ya sani ba. Ni nake wanke wa tsohon kaya, ni nake yanke masa farce, ni nake jure masifarsa, na ga wannan labarin ladana ne, ba zan raba shi da wanda ke cin farfesu a Cheras ba.

Ranar rasuwar 'yan sanda suka zo, motar asibiti ta zo, aka tafi da Baba a yi masa gwajin korona. Yaya Tajo ya iso bayan an ɗauke shi. Ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi biyu a fuska, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya karɓi fasfon Baba ya bi su. Minti biyar bai yi ba. Na yini ina roƙon Allah kada gwajin ya nuna cutar, domin idan ya nuna, gawar ta fita daga hannunmu.

Laraba da safe sakamako ya fito, babu korona. Na yi sujada. Ba a jima ba Haji Rosli ya kira ni, tunda kwamitin surau ɗinmu ne zai ɗauki nauyin jana'izar. Turancinsa kaɗan ne, ni kuma Malay ɗina na kasuwa ne, na sayen kifi da biyan tasi. Ya lissafa mota, na ce boleh, wato za a iya. Ya faɗi likkafani, na ce boleh. Ya yi wata doguwar magana da na tsinci kalmar ruwan sama a ciki, sannan ya ce, "Keranda, boleh?"

Wannan kalmar kam na san ta. Akwai wata 'yar Indonesiya mai share mana matakala, ita ta taɓa nuna mini makarar ƙarfe da ke jingine a gefen surau, lulluɓe da koren zane, ta ce sunanta keranda. Har daɗi na ji da na gane. Na ce, "Boleh, Haji, boleh." Ban san cewa a bakin 'yan Indonesiya ne keranda take nufin makara ba. A bakin mutanen Malesiya akwatin gawa ce. Da bakina na yi wa Baba odar akwati, har da nanatawa, na ajiye waya ina jin na gama nawa.

Yaya Tajo ya turo mini saƙo cewa an ƙayyade yawan masu rakiya, sunana ba ya cikin takardar izinin 'yan sanda, kuma dama mata ba sa zuwa maƙabarta a wurinmu, in zauna a gida. Na zauna ina karɓar gaisuwa ta waya daga Kano, kowa yana faɗin alherin Baba, har waɗanda na san ya taɓa kora daga rumfarsa da guntun katako.

Bayan azahar hoto ya shigo zauren danginmu na waya. Yaya Tajo ne ya sa, ya rubuta cewa an sallaci Baba, suna maƙabarta. Yayyena mata suka fara jero addu'a. Ni na buɗe hoton na ƙara girmansa. Rumfar leda ce, ƙasa ta yi caɓi, a tsakiya ga akwati na farin filawud, sabo, an rufe shi. Na kira shi.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Mene ne me? Ina busy, Bashira."

"Akwatin nan. Wa ya ce a sa Baba a akwati?"

Ya yi wata 'yar busasshiyar dariya. "Ke mana. Haji Rosli ya ce ya tambaye ki keranda, kin ce boleh har sau biyu. Na ɗauka ke da kika fi kowa sanin Baba kin san abin da kike yi."

Nan na gane. Kunya da takaici suka taso mini lokaci ɗaya, kuma da yake ba ni da wanda zan sauke wa sai shi, shi na sauke wa. Na ce ya sa a fitar da Baba yanzu. Ya ce in saurara in ji. Kwana uku ana ruwa, ramin yana tara ruwa, shi ya sa suke amfani da akwati, kuma limamin da ya yi sallar ya ce babu laifi a irin wannan hali. Ya ce akwai gawa huɗu a layi bayan tamu, masu haƙa sun ba su rabin awa, shi ba zai tsaya yana jayayya da mutanen da suka taimaka mana a ƙasarsu ba saboda ni na kasa bambance kalma ɗaya.

Na ce ba maganar halas ko haram nake yi ba, wasiyya ce. Baba ya ce kada a sa shi a akwati, kuma na yi masa alkawari.

"Yaushe ya faɗa?"

"Bara."

"Bara. Since last year kina riƙe da maganar, ba ki gaya mini ba sai yanzu da yake bakin rami?"

Na ce da yana zuwa da ya ji da kunnensa. Na ce sau uku a wata goma sha shida, ko mai kawo gas ya fi shi ganin Baba. Na ce shi ya hana tsohon komawa gida ya mutu a cikin mutanensa, yanzu kuma zai tura shi rami a cikin filawud ɗin da Baba ko kaji ba zai yi wa keji da shi ba. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan maimaita ba. Ina faɗa ina jin daɗin faɗar, wannan ma gaskiya ce.

Ya bar ni sai da na gama. Na ji ya matsa daga wurin mutane, domin hayaniyar ta ragu. Da ya yi magana muryarsa a ƙasa take, irin ta Baba sak, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Kin gama? To ki ji. Kin san yatsana na hagu da ba ya lanƙwasawa? Kina ganinsa tun kina yarinya, ba ki taɓa tambaya ba. Ina shekara goma sha biyu ya ba ni katako in yanka masa, ya gaza da inci ɗaya. One inch, Bashira. Da katakon ya doke ni a hannu a gaban mutane har yatsan ya karye. Bai kai ni wurin ɗori ba, Hajiya ce ta kai ni. Bai taɓa ce mini komai a kai ba har ya mutu. Wannan ne mutumin da kike so in zo in zauna ina yi masa hira. Ke uwarsa ce, mu kuwa leburorinsa ne. Na wanke shi, na yi masa sutura, na sallace shi. Na sauke farali. Enough lah."

Ban san da maganar yatsan ba. Wato na san yatsan, amma ban san dalili ba, kuma gaskiya ya faɗa, ban taɓa tambaya ba. Lokaci yana tafiya, ina jin wani yana kiransa da Malay daga nesa. Ba ni da sauran abin da zan jefe shi da shi, sai na ba shi abin da na ɓoye. Na gaya masa labarin Abdulwahidu a gurguje, da allunan akwatin harsashi, da awon da aka yi da ido, da taƙi ɗayan da ya gaza, da abin da Baba ya yi da hannunsa. Ban ƙara komai ba, ban kuma ce shi ya sa Baba ya doke shi ba. Ba sai na ce ba.

Na duba wayar ko ta katse, sai na ji muryarsa.

"Ke ya gaya wa," ya ce. "Ni ya karya wa yatsa, ke ya gaya wa."

Ya kashe wayar.

Na sake kira, bai ɗauka ba. Na kira sau bakwai. Na sa hijabi na sauko har ƙasa, na tsaya a bakin titi ina neman mota, sannan na tuna ko sunan maƙabartar ban riƙe daidai ba, ga shinge a hanya, ga shi ba ni da takarda. Na koma sama. Na zage shi a raina zagi mai kyau. Na zagi kaina fiye da haka. Na ce shi ke nan, Baba ya roƙe ni abu ɗaya tak a rayuwarsa, ni kuma na sayar da shi don in nuna na iya yaren mutane. A zauren dangi kuwa ana ta turo addu'o'i da hotunan Baba na Makka, ba wanda ya lura da komai.

Da na rasa yadda zan yi sai na kira Haji Rosli. Ya ɗauka. Na fara haɗa Turanci da Malay da kuka, ya ce, "Sabar, sabar," wato in yi haƙuri, ya mayar da kiran na bidiyo, ya juya wayar.

Baba yana kwance a kan tabarma cikin likkafaninsa, mutum biyu sun riƙe masa lema. An kifar da akwatin a cikin caɓi. Yaya Tajo ya cire takalmi, ya naɗe wando, yana durƙushe a kai da guduma irin mai cire ƙusa, ban san a ina ya aro ta ba. Yana ɓalle allunan ƙasan akwatin ɗaya bayan ɗaya. Bai fasa ko ɗaya ba. Yakan sa bakin gudumar, ya ɗan ɗaga, ya matsa gaba, ya dawo, hannunsa ya san aikin duk da shekara talatin da ya yi yana cewa shi ba ruwansa da katako. Fuskarsa kuwa a murtuke take, ba hawaye ko ɗigo. Wani matashi daga cikin masu haƙa ya nuna masa agogo, Yaya Tajo ko kallonsa bai yi ba. Babbansu, wani tsoho, ya ce wa matashin ya rabu da shi. Haji Rosli ya yi mini bayani da guntun Turancinsa cewa tsohon ya ce ai haka iyayensu suke yi, akwati marar gindi, a kwantar da mutum a ƙasa a kifa masa shi don ya tare ruftawar rami.

Na ga Yaya Tajo ya karɓi bokiti ya sauka cikin kabarin yana kwarfe ruwa, farar rigarsa ta koma ja da taɓo. Daga nan Haji Rosli ya ce zai je ya kama musu, ya kashe.

Sai bayan la'asar Yaya Tajo ya kira. Na ɗauka tun ƙarar farko.

"Kafaɗarsa ta dama tana kan ƙasa. Ni na kwantar da shi. Na cika miki alkawarinki."

Na ce Allah ya saka masa da alheri. Na ce na yi kuskure, kuma na faɗi maganganun da bai kamata ba. Sai na ƙara da abin da da na sani ban ƙara ba, na ce Yaya, tunda yanzu ka ji dalili, ka yafe wa Baba.

"Dalilin ne ya fi ba ni haushi," ya ce. "Yana da baki. Shekara talatin da takwas yana kallon hannuna. Katakon na cire masa, Bashira, iyakar abin da na yi ke nan. Kada ki tura ni inda ban kai ba."

Ya ce gobe zai aiko a karɓi kayan Baba da za a tura Kano, ba sai na jira shi ba, ba shi zai zo ba. Ya kashe.

Na zauna da wayar a hannu. Na so in ci gaba da jin haushinsa yadda na saba, kuma har yanzu ina ji, ban fasa ba. Amma ni aka ba wa wasiyyar, ni na yi alkawarin, ni na kira akwatin. Wanda ya shiga ruwa har gwiwa ya kwantar da Baba a kan ƙasa shi ne wanda Baba ya karya wa yatsa.